Hoton Daren Maulidi a Kanya

Karo-karo muka yi, ɗari biyar-biyar.
Barau ya bi motar asuba zuwa Kano,
ya dawo da fitilu cikin buhun taki:
igiya uku, ja da kore, da wata mai ƙyafta ido
kamar wanda hayaƙin ɗanyen itace ya kama.

Muka ɗaura daga reshen tsamiya zuwa indararon masallaci,
muka ja ragowar ta nufi rumfar Mati mai shayi.
Ba ta kai ba. Saura taku biyu.
Mati ya ce a bar ta, shi zai matso da teburinsa.

Galan ɗaya na fetur gare mu,
da janareton mai cajin waya
wanda sai an lallashe shi kamar jaki a bakin rafi.

Tanimu, kai ka ja mini wannan aiki.
Duk ƙarshen shekara sai ka turo hoton Fatakwal,
gada ta sha ado, bishiyoyi na ci da wuta ba sa ƙonewa,
kai kana gefe da kakin gadi, kana murmushin aro.
Na ce bana sai ka ga namu.

Na ɗaga waya, gilashinta a tsage tun bara.
Na danna. Fitilun suka fito kamar tana,
jajaye, suna tsere cikin baƙin ruwa.
Laifin hannuna ne.
Hannun da ya yini yana girbin gero
ba ya tsayawa cak don an ce ya tsaya.

Na biyu, ƙeyar wani yaro ta rufe rabin gari.
Na uku ƙwari ne zalla, sun naɗa wa fitila rawani.
Na huɗu da ya yi kyau,
sai tunkiyar Ladidi ta ratsa tana tuƙa.

Malam Ilu na kan benci yana kallona,
shi da ya shekara talatin yana hoto a kasuwar Babura
kafin waya ta karya masa jari.
Ya ce, "Yaro, ba a fizgar dare.
Jingina ta da wani abu, ka ɗauke numfashi,
ka bar hasken ya shigo da ƙafarsa."

Na kifa turmi. Na tokare ta da guntun bulo.
Muryar masu yabo ta tashi, ta sauka, ta sake tashi.
Na ɗauke numfashi.
Na danna.

Janareto ya yi tari biyu, ya mutu.

Yara suka sa ihu, manya suka yi salati,
wani ya taka wani, aka ba da haƙuri a duhu.
Sai ga taurari birjik a kanmu,
ashe tun ɗazu suna nan.

Na hau tudun tankin ruwa,
nan kaɗai sabis ke leƙo mu.
Hoton ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa,
sauro na karɓar rabonsa a ƙafata,
har ya tafi.

Muryarka ta dawo, da ƙarar motoci a bayanta:
"Wallahi sun yi kyau.
Amma waccan ta gefen hagu, bakin kasko,
Inna ce?
Yaushe ta rame haka?"

Na buɗe hoton, na ja shi da yatsu biyu.
Ita ce. Ban ma san ta shiga ba.
Wutar ƙosai ta haska mata rabin fuska,
awarwaronta ya zame har kusa da gwiwar hannu.
Kullum a gabanta nake shan koko.
Ban gani ba.

Ban ba ka amsa ba tukuna.
Can ƙasa ina jin Barau
yana jan igiyar janareto,
yana ja,
yana ja.