Katako Huɗu

An ɗauke wuta a Harobanda.
Allon na'urata kaɗai bai yi barci ba,
a cikinsa zare biyu, ja da shuɗi,
sun nannaɗe kamar taliyar da ta kwana.
Furotin ke nan, mai dakon iska cikin jini.
Malama Zuwera ta ce mini da rana:
"Kada hoto ya ruɗe ka, rabi ka gani.
Jiki huɗu yake so, biyu na riƙe da biyu."

Sai na tuna Baba Ɗanjimma a Gamkalle,
bakin kogi, ƙusa uku a leɓensa,
katakai jibge a bayansa har ƙugu,
kowanne na taɓa ɗan'uwansa.
Ina yaro na hau kansu, na ce na shiga jirgi.
Ya tofar da ƙusa, ya yi dariya:
"Jingina daban, haɗi daban, Ilu.
Tura wannan ruwa ka ga inda za ka kwana."

Haka suke cikin dunƙulen gwaji,
an jera su kamar gishirin Bilma a kasuwa,
kafaɗa da kafaɗa, dubu kan dubu.
Aikina in gane wace taɓawa ce aure,
wace ce matsin motar haya
da ke watsewa in an kai tasha.

Na danna. Biyun suka juya, suka sami biyunsu.
Baki ya hau baki, ba tsumma, ba kwalta.
Jirgi ya tashi, da kujera huɗu ta ƙarfe.
In fasinja ɗaya ya zauna,
sai katakan su motsa kaɗan,
sauran kujerun su buɗe hannu.
Katako guda bai san wannan ladabi ba.

Ƙanwata Tsahara tana ɗaki, tana juyi.
A jirgenta wuri ɗaya ne aka sassaƙa daban,
wuri ɗaya tak, bai kai ƙwayar gero ba,
amma in sun sauke kaya sai su manne da juna,
jirgi bayan jirgi, har fito ya tsaya,
ƙashi ya kama ihu.

Na kai mata ruwa. Ta sha rabi.
Batir saura kashi tara.
Can ƙetare wani na bugun katako tun kafin asuba,
ban san ko haɗi yake ba, ko kwancewa.