Zaibar Kawu Nomau

Bayan Anka, a bakin rafi, na fara ganin ta.
Kawu Nomau na tankaɗe yashi cikin kwanon ƙarfe,
sai ya ɗiga ta daga kwalbar turare da ta ƙare,
ta mirgina kamar idon tarwaɗa,
ta lashe gwal ɗin da ido ya kasa tsinta.
Ya matse a ƙyalle, ya ɗora kan garwashi.
Hayaƙin ba shi da launi,
don haka babu wanda ya kauce masa.

Shekara goma sha huɗu bayan nan,
a Gusau, ranar Talata, fanka ta tsaya,
Malam Jafaru ya rubuta sunanta a allo
kusa da wani baƙon suna: teluriyam.
Ya ce idan suka haɗu, ɗaya da ɗaya,
mai gudun nan takan zauna,
kowace ƙwaya ta riƙe maƙwabta huɗu,
su zama dutse mai duhun toka.

Ba jan ƙarfe ba ne da zai saki lantarki ya sheƙa,
ba kuma icce ba ne da zai ce masa a'a.
Sauran 'yan'uwansa suna da rata,
rami tsakanin bene da ƙasa da sai an yi tsalle.
Shi nasa ramin ya rufe,
har ma, in ji Malam, rufin ya koma ƙarƙashin daɓe.
Muka yi dariya. Ya ce ku rubuta, zai fito.

A zuba kadmiyam kamar gishiri a miya,
ratar sai ta buɗe daidai yadda aka auna.
Nan ne idon yake.
A sanyaya shi fiye da duk wata randa,
sai ya ga zafi yadda muke ganin rana:
ɗumin akuya cikin duhun garke,
gobarar daji daga can inda tauraron ɗan'adam ke ratsawa,
taurarin da ba su gama haihuwa ba.

Wanda ya fi tsaya mini shi ne wannan:
in aka shimfiɗa shi siriri, ya fi fatar albasa,
tsakiyarsa takan hana lantarki hanya,
gefe kawai yake bi,
kamar mu a fadama in ruwa ya cika,
kowa kan kunya, tsakiya ta shinkafa ce.

Da hutu na kai wa Kawu labarin.
Yana zaune a dakali, shayi na zuba a gwiwarsa,
hannun nan da ba ya kuskure ƙwayar gwal
yanzu ba ya samun baki sai da taimako.
Ya saurara har ƙarshe.
Ya ce, ashe ita ma ta yi makaranta.

Can ya ce, Barira,
idon nan naku mai ganin abin da ba a gani,
da an kafa shi bakin rafi a lokacin,
zai ga hayaƙin?

Na ce ban sani ba, Kawu, ba mu kai nan ba.
Na karɓi kofin, na riƙe masa.
Yana da ɗumi. Ba sai da na'ura na gane ba.