Abin da Akuya ta Haɗiye

Ni mahauci ne, ban san zane ba.
Wuƙata ta san hanya tsakanin haƙarƙari da hanta,
iyakar karatuna ke nan.

Ran wata Laraba Cima ta shigo kwata,
ta taka jini, ba ta ko dubi takalminta ba.
Na ce, tsoka ko kayan ciki?
Ta ce, ba ko ɗaya.
Abin da kake yarwa nake so,
dunƙulen nan da ke fitowa daga tumbi.

Leda ce. Baƙar leda,
ta sukarin dala biyar, ta mai, ta ƙuli-ƙuli.
Akuya ta lashi gishirin jikinta, ta haɗiye,
ciki ya murɗa ta ta zama igiya,
igiya ta zama dutse.
Na taɓa ciro wanda ya kai kan jinjiri.
Mai akuyar ya rantse ciki gare ta,
wata bakwai yana jiran ƴan biyu.

Yaran kwata suka sa mata Mai-tumbi.
Ta amsa sunan, ta cika buhu.

A Damagaram, inda famfo ke tari da tsakar dare
mata su tashi da gudu,
ita ta sayi ruwa wajen ɗan ga-ruwa
don ta wanke shara.
Maƙwabta a Birni suka ce boko ya taɓa ta.
Ta shanya kayanta a kan duwatsu,
ƙadangaru na gyaɗa kai kamar sun gane.

Bayan wata huɗu ta aiko in zo Zango,
wani tsohon gida mai zane a goshi.
Na sa rigar Juma'a.

A tsakar gidan gawo ne tsaye.
Gindinsa waya, rassansa waya,
ganyensa kuwa duk ta hannuna ya bi.
Kowane dunƙule na lilo da ƴar takarda:
rana kaza, nauyi kaza,
akuyar Garin Malam, tunkiyar Kara-Kara.
A ƙasa tulu, babu ɗigo a ciki,
sai kukan kwaɗi ke fita daga bakinsa,
ta ɓoye ƴar rediyo a ciki.

Baba Lawandi majemi ya durƙusa,
ya kara kunne a bakin tulun.
Ya daɗe.
Ya ce, haka tabkin bayan gidanmu yake yi
kafin mu cike shi da juji.
Ya cire hula ya riƙe,
ya rasa inda zai sa ta.

Wani mai tabarau ya yi dogon faransanci,
aka tafa masa.
Ni dai abin da na gani:
gawon kirki yana zubar da ganye da damina
ya bar wa gero rana,
da rani ya yi wa awaki ƴaƴa.
Wannan ba zai zubar ba.
Jikokina za su tarar da shi kore shar
in dai baƙi na iya zama kore.

Can a wani reshe na ƙasa
yarona ya karanta mini wata takarda.
Layinmu ne.
Jar akuyar Dela ce, matata,
wadda muka ce sammu aka yi mata.
Na shinshina dunƙulen.
Sabulu kawai.
Amma na san ƙullin nan,
ƙulli biyu da kunne ɗaya,
haka nake ɗaure wa mutane nama.

Washegari wata yarinya ta miƙo dala ɗari.
Na yanka, na auna.
Hannu ya tafi wajen ƙusar da ledoji ke rataye,
ya tsaya a hanya.
Na ce, kin zo da kwano?
Ta dube ni, ta ce a'a.

Na ɗaure mata.
A bakin kwata wata ƴar bunsuru-bunsuru
ta ɗaga kai daga juji
tana tauna,
tana kallona.