Gwangwanin Sabiha

A Basra ba a jiran sanyi ya yi sallama.
Da rigar sanyi a jiki ake tona ƙasa,
wanda ya tsaya sai iska ta yi daɗi
rana ta riga shi shiga lambu.

Haka Sabiha ke cewa.
Ni lokacin ina tashar jiragen ruwa
ina ƙirga buhunan wasu.
Ban taɓa tambayar me take binnewa a bayan gida ba.
Ci kawai na iya.

Shekara biyu da rufe ta
na tsinci gwangwanin shayi a saman firji
cike da ƙullin tsumma, kowane da launin zarensa.
Babu rubutu. Ita ba ta buƙaci rubutu ba.
Ja, kore, baƙi, da wani shuɗi da ya koɗe.

Ƙarshen Janairu na durƙusa,
gwiwa na kuka irin na tsohon ƙyaure.
Ƙasar ta yi fari fat, gishiri ne ya hau kanta.
Na kankare shi da cokalin magina,
na zuba takin ɓauna da Jabbar ya kawo a baro
yana dariya: "Abu Nizar, tumatir fa arha yake a kasuwa."
Na ce na sani.

Ruwan famfonmu ya fi hawaye zartsi,
kyanwa ma shinshinawa take ta wuce.
Sai na riƙa tare motar tanka, jarka biyu,
ɗaya ta shayi,
ɗaya ta kunyoyi ukun da na ja a jikin katanga.

Jan zaren na ɗauka tumatir ne.
Ashe ɗoɗɗoya ce,
wadda take tsinkowa ta ajiye gefen gasasshen kifi.
Na murza ganye ɗaya a yatsa, na zauna a ƙasa daɓas,
har jikata Banin ta leƙo ta taga:
"Kaka, faɗuwa ka yi?"

Koren latas ne. Ya yi mana alherin sati uku.
Da Afrilu ya kama, zafi ya taɓa shi sau ɗaya,
ya miƙe tsaye, ya fid da fure, ya yi ɗaci,
ya daina kula kowa.

Tumatirin yana cikin baƙin zare, kuma na makara da shi.
Kowace safiya furanni rawaya a zube a gindinsa
kamar an kakkaɓe aljihu.
Na ɗaura masa tsohon labulen ɗakinmu a kan igiya
don ya sami inuwar la'asar.
Goma sha ɗaya ya ba ni.
Na ƙirga. Ai ƙirga ce sana'ata.

A Mayu ƙarfen ƙofa ya daina taɓuwa.
Na kai bokiti ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki,
ɗis, ɗis, ruwa marar gishiri, kyauta,
idan ba a ɗauke wuta ba.
Idan an ɗauke, ni da lambu mu yi gumi tare.

Komai ya kwanta sai shuɗin zare.
Kuɓewa ce.
Rana na dukan ta tana ƙara tsawo,
ta wuce ƙuguna, ta wuce kafaɗar Banin,
kullum da asuba sabon fure mai jan ciki.
Kwana biyu ka yi sakaci, ta ƙeƙashe ta zama itace.
Jabbar ya ci miyarta da tafarnuwa, faranti biyu,
bai ƙara zancen kasuwa ba.

Na bar guda shida a jikin uwarsu
har suka bushe, suna kaɗa kamar caki.
Jiya muka ɓare su a kan tire.
Banin ta ɗauko biro: "In rubuta suna?"
Na ce rubuta.

Da ta fita
na nemo shuɗin zare a akwatin ɗinkin,
na ƙulla duk da haka.