Minti Ɗaya a Ƙarƙashin Harshe

Kakana ne ya dasa itatuwan sugi a bayan garinmu,
layi-layi, bayan yaƙi, sa'ad da duwatsu suka yi sanƙo.
Ya ce jikoki za su sami katako.
Na samu. Na kuma gaji atishawa.
Daga Fabrairu zuwa Afrilu
dutsen yakan busa mana garin furensa,
idanuna su koma garwashi,
hancina famfon da ya ƙi ɗauruwa.

A watan Yuni, da iska ta yi hankali,
likita Kuwabara ta ajiye mini abu biyu a kan tebur:
sirinji a hagu,
a dama ƙwaya, fara, ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba.
Ta ce, "Duka biyun maƙiyinki ne, an rage masa ƙarfi.
Za ki riƙa karɓar baƙuncinsa kaɗan-kaɗan
har jikinki ya gaji da faɗa, ya shimfiɗa masa tabarma.
Shekara uku, wataƙila biyar.
Ki zaɓi hanyar da ba za ki yar da ita a tsakiya ba."

Na fito ɗakin jira da takarda a hannu.
Tsoho Motoharu, kafinta, yana zaune,
hannun riga a naɗe, auduga manne a damtse.
Ban tambaye shi ba, shi ya fara:
"Ni allura. Ban yarda da kaina ba.
Tun da Sumie ta rasu
shayi kan huce kafin in tuna na dafa.
Nan kuwa sunana yana cikin littafi,
in ban zo ba waya za ta neme ni.
Rabin awar nan da suke tsare mu
don kada jini ya yi bori,"
ya ɗaga kai ya dubi agogon bango,
"ita ce hirata ta mako."

Ɗan Chizuru, mai shekara bakwai,
ya hango tsinin allura ta ƙofar da ba a rufe ba,
ya shige ƙarƙashin benci.
Nasa zaɓin ya ƙare a nan.

Ni sai lissafi.
Motar asibiti minti hamsin take ci, ban da dawowa,
ga yara talatin da biyu suna jirana gaban allo.
Na ji tsoron kumburin leɓe ni kaɗai a ɗaki,
na ji tsoron neman izini wurin shugaba kowace Talata.
Na auna tsoro da tsoro
kamar mai sayen kifi da kuɗi ƙalilan.
Na ɗauki ƙwayar.

Yanzu kullum, shida da kwata,
kafin butar shayi ta yi fito,
nakan sa ta ƙarƙashin harshe.
Minti ɗaya ba haɗiya. Biyar ba ci, ba sha.
Ni da nake cin abinci da bakina,
an same ni shiru.
Nakan tsaya a taga, dutsen yana kallona.
Wurin yakan yi ƙaiƙayi
kamar maganar da na so in faɗa wa Kaka
na haɗiye.

Shekaranjiya na manta.
Babu wayar da ta yi ƙara.
Takardar ƙwayoyin ce ta tona ni,
gurbi ɗaya cike a tsakiyar fanko.

Jiya na ga Motoharu a tashar mota.
Ya buga damtsensa, na nuna bakina,
muka yi dariya kamar ɓarayi biyu.
Ba wanda ya san wa ya yi dabara.
Fabrairu zai faɗa,
ko Fabrairun da ke bayansa.