Tafiyar Ƙaguwa

Ran Alhamis aka cusa mu a bas ɗin makaranta,
mu talatin da ɗaya,
da Ustaz Dafa'alla da usur a wuya,
da Malama Awadiyya rungume da kular zoɓo
kamar jaririn da ba a yi wa suna ba.
Tun ba mu bar Bur Sudan ba
rabin burodinmu ya tafi inda ba ya dawowa.

Mu da muke kwana da warin gishiri,
teku ba mu san ta ba sai ta ramin katangar tasha,
ɗan shuɗi tsakanin kwantena da kwantena.
Sai ga Sawakin,
sai ga Bahar Maliya kwance ba mayafi,
har bas ɗin ya yi tsit.

Ustaz ya ja layi da sanda a kan yashi:
"Wanda ruwa ya wuce masa gwiwa
gobe zai gane kurensa."
Bai rufe baki ba
Mahjub ya kai wuya.

Muka gina gida, da zaure, da rumbu,
igiyar ruwa ta zo ba sallama ta karɓi haya.
Iklas ta binne ƙafafun Tayyib,
ta ce ta shuka shi, a jira damina.
Ni na ɗanɗana ruwan a ɓoye.
Miyar wa aka zuba wa wannan gishiri haka?

Can gefen rusassun gidajen murjani,
inda kyanwoyi ke zaune kamar masu gadon wurin,
wani tsoho mai gyaran koma
ya ba mu zare da kan kifi.
Ya ce, "Sauran abu ɗaya ba na bayarwa,
haƙuri, kowa ya zo da nasa."

Na sauke zarena tsakanin duwatsu.
Rana ta dafa mini ƙeya.
Sai zare ya yi nauyi, kaɗan, kamar an tuna da ni.
Na ja, na ja,
ga ta nan da ido a kan tsinke,
ta kama ni kafin in kama ta.
Ihun da na yi, raƙuman bakin hanya sun waiwaya.

Bakwai muka tara a bokitin fenti,
suna ƙwas-ƙwas, kowace na taka ta ƙasa.
Da la'asar Malama ta ce a kifar.
Na tsuguna ina kallon tawa:
fuskarta na duban gabas,
ƙafafunta na kai ta gefe.

Sai na tuna kakan babana, Malam Ɗanjuma,
da ya bar Haɗeja da sanda da buta,
shekara bakwai yana bin fitowar rana,
ya iso wannan gaɓa kuɗin jirgi bai cika ba.
Ya ce bari ya ɗan sayar da ruwa.
Daga ruwa sai rumfa,
daga rumfa sai aure,
daga aure sai mu.
Fuskarsa Makka, ƙafarsa gefe,
har aka kwantar da shi yana kallon inda ya nufa.

Wani farin jirgi ya yi kuka, ya kama hanyar Jidda.
Ƙaguwata ta shige rami ba ta ko dube shi ba.

Usur ya tashi. Talatin.
Aka sake ƙirgawa. Talatin.
Ashe Mahjub na ƙarƙashin kujera
yana barci da takalmi ɗaya.

Da dare Inna ta kama yatsana tana shafa man zafi.
"Kin hango tsallake?"
Na ce ruwa ne kawai, Inna, har ƙarshen ido.
Ta zazzage aljihun rigata a tafin hannu,
ta daɗe tana kallon yashin,
sannan ta ƙulle shi a bakin zane.