Akwatin Baba Gayus

Ran da muka buɗe akwatinka a Kaltungo,
bayan 'yan zaman makoki sun watse,
Lamela ya zo da biro da takarda
don a rubuta rabon gado.

Mun tarar da kwat ɗaya, ta ranar Lahadi,
da almakashinka na ɗinki,
da Littafi Mai Tsarki wanda bangonsa ya ɓalle
ka ɗinke shi da ƙyallen zanen Mama.

A shafin farko sunayenmu ne, mu bakwai,
har da Kezaya da ba ta kwana uku a duniya ba.
A na ƙarshe, waɗanda kake bi bashi,
kowane suna ka ja masa layi,
a gefe ka sa: "Na yafe, yadda aka yafe mini."

Lamela ya mayar da bironsa aljihu.

Ba ka bar gona a gindin Kilang ba,
ko saniya guda.
Shekara talatin kana buga ƙarfen majami'a da asuba,
ko zazzaɓi na kaɗa ka,
mu kuwa muna ƙunƙuni cikin bargo.

Jiya da dare, a nan Gombe,
aka ɗauke wuta muna gaban tuwo.
Autata Briskila ta ce a dakata.
Ta yi gyaran murya sau biyu,
irin naka sak, ita da ba ta taɓa ganinka ba,
ta fara roƙa wa maƙwabta kafin ta zo kanmu.
Ashe a bakina ta ɗauka, ban sani ba.

Tuwon ya huce, Baba.
Ba wanda ya yi ƙunƙuni.